Dakalin da Ya Karkace

Shekara talatin da ɗaya Baba na auna ruwa
a magudanan Bakolori.
Ko da faɗin yatsa ƙasa ta yi tudu, idonsa na gani.
Da fansho ta zo, hannunsa ya ƙi zama.
Ya zagaya bayan gidanmu na Mafara sau uku,
ya tsaya inda turken akuyar da muka sayar
yake jiran ta har yau,
ya ce, “Nan za a yi dakali.”

Ɗanbuga magini ya zo da igiya da cokalinsa,
ya dubi gwaibar Inna, ya ce sai an sare.
Inna Kulu ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.
“Wagga gwaiba ta girme ka.
Gaishe ta, ka kewaye.”
Aka kewaye.

Siminti buhu huɗu, yashi amalanke biyu daga gulbi,
bulo sittin, biyar sun karye a hanya.
Baba ya ƙi awon magini.
Ya cika siririn tiyo da ruwa,
ya riƙe baki ɗaya, ya miƙo mini ɗaya,
ya ce in yi magana in ruwa ya kai zanen gawayi.
Rana na dukan ƙeyata,
waya na ruri a aljihuna, na kuma san mai kira.
Na ce ya kai.
Bai kai ba.

Kafin siminti ya sha iska
zabuwar maƙwabta ta ratsa ta sa hannu,
Suwaiba ta danna tafinta kusa da sawun,
ta gudu tana goge shaida a zanen Inna.

Daren Juma'a aka yi bikin buɗewa.
Malam Cika ya zo da ɗiyansa da tabarmarsa,
Gwaggo Ige da hoce a kwanon sha,
tarwaɗa na tsiyaya a kan waya,
fitilar sola rataye a reshe, ƙwari na yi mata ɗawainiya.
Aka ajiye tire.
Lemo ɗaya ya motsa,
a hankali, kamar mai tsoron tada barci,
ya wuce sukari, ya wuce gwiwar Malam Cika,
ya faɗa cinyar Gwaggo.
“Rabo!” ta ce, ta sa farce.

Dariya har da masu tari.
Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.
Aka ɗora wa Ɗanbuga, tunda ba ya nan.
Ni kuwa na ƙura wa gwaiba ido
kamar ranar na fara ganin ganye.

Yanzu gefen gangare ake rububi.
Can gyaɗa ke taruwa,
can ɗan lido ke gudu in an jefa da ƙarfi,
yara na tseren goruba daga tudu zuwa kwari,
Nafi'u ne alƙali, kuma yana cin hanci.
In an yi ruwan sama ba ya kwana a kai,
sai ya bi ta tafin Suwaiba, ya cika shi,
ya sauka gindin gwaiba.
Bana Inna ta raba 'ya'ya har gida bakwai.

Shekaranjiya, bayan baƙi sun watse,
muka rage mu biyu da ɓawon gyaɗa.
Na ce, “Baba, ran nan da tiyo…”
Ya kurɓi sauran shayin da ya huce.
“Na ji wayarka.
Ruwan da ke hannunka shi ne a hannuna,
me zai ɓoye mini?”
Ya shafa simintin, daga sama zuwa ƙasa.
“Na so in gyara da dare.
Sai na tuna ban taɓa gina abin da ruwa zai rasa hanya ba.”

Gwaiba ɗaya ta faɗo, ta kama hanya.
Ya tare ta da ƙafa.
“Matsa,” ya ce. “Nan wurina ne.”