Majigi a Bangon Gidana

Da la'asar sakaliya suka iso,
mota mai tambarin jami'a, ƙafa ɗaya tana kuka.
Suka tsaya gindin tsamiyar Malam Jatau
suna tambayar wa ke da bango mafi faɗi a garin.
Aka nuno nawa.
Ni da ban taɓa cin gasar komai ba,
yau ga bangona ya ci.

Shugabarsu yarinya ce, Rumasa'u,
wai daga ɗakin ajiyar finafinai.
Ta ce asalin abin yana can Kano cikin gwangwani,
a ɗaki mai sanyi dare da rana.
Na ce, to, gwangwanin ya fi mu gata,
mu da rabonmu da lantarki tun kafin shuka.

Bayan isha'i aka baza tabarmi.
Janareta ya yi tari sau uku, ya kama.
Haske ya faɗo kan farar ƙasar da na shafa bara,
ƙwari suka shigo kallo babu gayyata,
sai ga kogi.

Koginmu ne,
amma tun kafin a datse masa wuya a can sama,
lokacin da yake da faɗin da sai an yi bisimilla.
Ba sauti. Ruwa na gudu, bakinsa a rufe.
Buhunan gyaɗa, jaki yana turjiya a bakin kwalekwale,
mutane na tafiya sauri-sauri kamar an biyo su bashi.
Yara suka fashe da dariya.
Wata tsaka ta ratsa kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan
ko jelarta ba ta jiƙe ba.

Sai Iya Tabawa ta miƙe.
Ita da sai an kama ta take tashi.
Ku tsayar min da shi, ta ce.
Aka tsayar.
Wani dogo, gora a hannu, ya waiwayo yana hararar mai ɗauka.

Rumasa'u ta duba takarda: an rubuta, wani ɗan fito.
Wani? in ji Iya.
Barau ne. Yayana ne, uwa ɗaya.
Ku dubi yatsan da ƙugiya ta cinye.
Muka duba. Huɗu ne.

Ta tako har jikin bango,
inuwarta ta haɗiye shi,
kogin ya hau bayanta, ya kwanta kan mayafi.
Yara suka ce, Iya kin tare!
Ta matsa gefe kaɗan, kamar mai ba baƙo hanya,
ta ce masa, ka tafi ba ka biya ni sulena ba.

Daga nan fa baki ya buɗe.
Wancan mai hular Ɗan'azumi ne, a'a Nomau ne,
wannan ta haifi uwar ladan.
Gardama ta kaure kan mai jakin
har yau ba a raba ta ba.
Rumasa'u na rubutu da hasken waya,
biro ya ƙare, ta ari na malamin firamare.
Sun zo nuna mana, in ji direbansu,
ga shi mu ake karantarwa.

Sau uku aka maimaita. Mai ya ƙare.
Na zuƙo na babur ɗina da tiyo, na ɗura,
aka ƙara na huɗu.

Da safe bango ya koma bango.
Akuya na soshe-soshenta daidai inda kogi ya bi.
Akwai tsagar da na yi niyyar liƙewa kafin damina,
nan gorar Barau ta tsaya jiya.
Na kwaɓa ƙasa, na ɗebo,
sai ga Iya Tabawa da kujerarta 'yar tsugunno,
ta zauna tana fuskantar wurin.

Na mayar da ƙasar cikin kwano.
Ta ce, ba ka shayi ne yau?