Kabar Giwar Habsu

Sana'ata ruwa ce.
Jarka goma a kura, daga famfon Bagalam
zuwa ƙofar duk wanda ya kira ni.
Shekara goma sha bakwai ke nan,
ban taɓa jin wanda ya ce ruwa ya yi masa yawa ba.

Da Habsu za ta tafi karatu Damagaram
ta bar mini kabar giwarta a gwangwanin tumatir,
ta ce, Baba, ka kula da ita.
Ni kuwa kula ɗaya na iya.
Safe moɗa, maraice moɗa,
in kewar yarinyar ta taso mini da azahar
in ƙara rabin buta.
Har laka na ɗebo mata daga fadama,
baƙa, mai danƙo, irin wadda masara ke so,
na ce 'yar gata ba ta kwana a rairayi.

Damina ta yi tsakiya, sama ta taya ni.
Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, ya yi laushi
kamar kabewar da ta kwana cikin taushe.
Na taɓa ɗaya, ya biyo hannuna.
Warin kuwa, sai ka ce kwatar bayan kasuwa.

Na sa ta tsakanin jarkoki, na tura
har rumfar Tsalha mai dashe.
Bai gama amsa gaisuwata ba
ya juya gwangwanin, ya leƙa gindinsa.
Ina ƙofar fitar ruwan? Na yi shiru.
Ya ce, kai ma in aka yi ta shayar da kai
aka hana ka zagayawa, ya za ka kwana?

Ya karkaɗe lakar, saiwoyi suka fito
baƙi ƙirin, suna zamewa a yatsa.
Ya gasa aska, ya bar ta ta huce,
ya yi ta yanka har gabana ya faɗi,
bai tsaya ba sai inda naman ya yi fari.
Saiwa biyu suka rage, gajeru.
Ya barbaɗa toka a bakin ciwon.
Inuwa, in ji shi, kwana huɗu,
kada ta ga ƙasa, kada ta ga moɗarka.
Wannan 'yar tudu ce,
randarta na cikin ganyenta.

Ran na biyar na gangara Gulbi
na kwaso yashi mai tsakuwa, kwano biyu,
ƙasar gona kwano ɗaya,
gawayin mai shayi na daka na zuba.
Tukunyar ƙasa na huda da ƙusa,
na shimfiɗa fasasshen kasko a gindi.
Gwajin da ya koya mini na yi:
yayyafa, dunƙula, buɗe tafinka.
In ta tsaya kamar fura, zubar.
In ta watse kamar dambu, ita ce.
Ta watse.

Abin da ya rage ya fi tura kura wuya.
In fito da asuba, ruwa fal a gabana,
in wuce ta kamar muna gaba.
Hannuna na zuwa ga moɗa da kansa,
sai in sa shi aljihu.
Nakan nutsa yatsa har gaɓa ta biyu,
in na ji sanyi-sanyi, in tafi abina.

Mako na uku, can tsakiyar ganye,
wani ɗan kore ya leƙo, bai kai farce ba.

Daren nan Habsu ta bugo waya.
Baba, kana dai ba ta ruwa?
Na dubi tukunyar, na dubi jarkokina.
Na ce, jefi-jefi.
Ke fa, kuɗin da na aiko sun isa?
Ta yi dariya, ta ce sun yi yawa.