Ganye Ba Ya Rufa Asiri

Tasalla ta dawo Auyo ran Laraba
da 'yan kwalabe da takalmin roba.
Ta ce, "Baffa, ara mini fangali uku."
Na ce, "Ɗauki, kar dai ki taka mini dashe."

Ni abin da na sani game da taki
kuɗinsa ne. Buhun yuriya bana
ya cinye mini tunkiya har da ɗanta.

Ta tsuguna cikin laka, ta ce abin da ke buhun
naitirojin ne, kuma yana sauya riga.
A kwantaccen ruwa amoniya yake zama,
ya lafe jikin taɓo, saiwa ta iske shi a gida.
In ƙasa ta sha iska sai ya koma naitiret,
shi kuwa ɗan yawo ne:
ko ya bi ruwa ya gangara, ko ya tashi sama.
"Duka biyun shinkafarka take ci,
amma a cikin ruwa na farkon ne tuwonta."

Na ce, ashe ranar da na bar fangali ya tsage,
na tafi suna Kafin Hausa,
na dawo na ambaliya masa ruwa,
cinyar tunkiyata ce ta bi iska?
Ta yi dariya. Ba ta ce a'a ba.

Sai ta kawo zancen tagwaye.
Wai shi naitirojin biyu aka haifa,
sha huɗu da sha biyar,
kama ɗaya, ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa nauyi
da abin da sikelin kasuwa ba zai ji ba.
In akushi cike yake, saiwa tana zaɓe,
marar nauyi take fara ɗauka.
In yunwa ta zo kuwa, har ƙanzo.
Kashin shanu ya fi buhu yawan mai nauyin,
don haka ganye na riƙe da labarin abin da ya ci.

Ta tambaye ni me na zuba.
Na ce buhu, ko'ina buhu,
ina kallon bakin kanal.

Ta yanki ganye, ta shanya, ta sa a ambulan.
Shinkafa ta yi ciki, ta fid da kai, muka kori jan baki.

Bayan girbi ta kira ni da magariba.
"Baffa, fangali na uku ba buhu ya ci ba."
Na yi shiru. Na tuna dare biyu da baro,
ina kwasowa daga mashekarin Jauro Buba
don kar a ce kuɗina sun gaza.

Ta ce, "Bai kasa sauran ba ko da tiya ɗaya."
Na ce, "To, rubuta. Amma kar ki sa sunana."