Aljihun Ilta

A bakin dajin akwai burushi ɗaure da sarƙa.
Veikko ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya goge ƙasan takalmin jikarsa, dama da hagu.
"Kada irin ciyawar gari ya bi mu ciki."

Hanyar katako ce shimfiɗe bisa fadama,
ba ta ɗaukar mutum biyu a jere.
Ilta a gaba, tsohon a baya,
sauro kuwa ko'ina,
kamar tun jiya suka ji labarin zuwansu.

Shekara talatin yana saran itace a hayin kogi,
da ido yake auna nauyin gungume.
A nan, hannunsa biyu a baya.

Ga wata bishiya kwance, ta ruɓe har ciki,
tun kafin a haifi uwar Ilta ta faɗi.
"Me ya sa ba a ɗauke ta ba?"
"Ba ta gama aiki ba.
Kasa kunne."
Can ciki wani abu na ci a hankali,
a sama wani tsuntsu na ƙwanƙwasa, yana neman mai cin.

Bisa dutse ga farar gansakuka kamar kumfar sabulu.
Ya ce kaurin farce take ƙaruwa a shekara,
barewa ke tono ta ƙarƙashin dusar ƙanƙara
in sanyi ya rufe ƙofar komai.

Suka ci baƙin burodi a bencin da aka tanada.
Ba su hura wuta ba.
Ɓawon lemo ya koma jaka.
Wani tsuntsu mai jan bindi ya sauko roƙo,
ya karkata kai, ya jira,
ya tashi da bakinsa wayam.

A hanyar komawa Ilta ta yi shiru,
irin shirun da ke da nauyi.
Dab da burushin nan ta tsaya,
ta juye aljihu:
ɗan dunƙulen fari, ya fara murmushewa.

Veikko bai yi faɗa ba.
Ya tuna kututturan da ya bari a hayin kogi.
Ya dubi agogo, ƙarfe tara na dare,
rana na nan rataye kan tafki, ta ƙi faɗuwa.

"Ba lallai ta sake kamawa ba," in ji shi.
"Na sani."

Suka juya.
Wannan karon shi ne a gaba,
katako na amsa tafiyarsu ɗaya bayan ɗaya.