Kamu Ɗaya na Illa

Bidiyon gidanmu ya koyi halin akuya.
Ya ci kaset ɗin Indiya, muka yi dariya,
ya ci na kokawa, Baba ya ja tsaki,
ran Laraba ya kai baki ga na Illa,
gidan ya yi tsit.

Shi ke nan abin da ya rage mana:
Illa a Abijan, gaban shagon wani,
cikin rigar aro mai dogon hannu,
yana gaida mutanen Bilbis ɗaya bayan ɗaya
har da jakin Kawu Gado.
Shekara tara da zuwan kaset ɗin,
bakwai da zuwan kayansa ba shi.

Na ɗaure bidiyon bayan keke cikin zanen Inna,
baƙin zare na reto a bakinsa kamar hanjin kaza.
Yaran da ke gyaran salula suka tuntsire,
suka ce sai Nomau, in yana raye,
can bayan kasuwar Tawa, kusa da masu gawayi.

Yana raye.
Ya ce, wa ya ja wannan? Na ce ni.
Da hannu? Da hannu.
Ya dube ni ta saman tabarau,
kallon maɗori ga wanda ya miƙe karaya da kansa.

Kusa huɗu ya kwance, ya zuba a gwangwanin sardin.
A ciki akwai rairayi, da busasshen kyankyaso,
da dala biyar da wani yaro ya ba shi ajiya.
Ya ce ba mugunta ba ce, tsufa ne.
Taɓa ƴar tayar nan: robar ta ƙandare,
ta yi sulɓi kamar bakin rijiya.
Dubi bel, ya saki kamar tazugen tsohon wando.
Hannu ɗaya na miƙa zare,
ɗayan ya daina karɓa,
to ina zai zuba in ba cikin haƙora ba?

Ya ciro bel daga gawar wani bidiyo,
ya ɗiga alkol a ƙyalle,
ya shafi gangar a kaikaice, a hankali,
yadda ake share wa jariri ido.
Nan wuta ta ɗauke.
Muka sha shayi har na uku, ba mu ce komai ba.

Da ta dawo bai taɓa na Illa ba.
Wani kaset ya sa, na bikin da ba wanda ya zo karɓa,
ya ce a fara gwada wuƙa a kan kabewa.
Ya shiga, ya fita, ya shiga, ya fita,
lafiya lau.

Sannan ya shimfiɗa zarenmu kan gilashi.
Inda ya yamutse kaɗan ya lallashe shi da bayan farce,
inda ya tattaune ya ɗauko reza.
Na ce, Malam.
Ya ce, kamu ɗaya ne, ko ka bar min shi ko ya ci saura.
Ya yanke, ya haɗa baki da baki, ya liƙe ta baya,
ya naɗe guntun a kwalin ashana ya ba ni.
Jaka ɗaya da rabi ya karɓa. Ya mayar min da dala biyar ɗin.

Da dare muka zauna a tabarma.
Ga Illa, ga rigar, ga gaisuwar jaki.
Ya matso ya ce, Inna, abin da nake so ki riƙe mini,
sai farin yayyafi ya rufe shi,
ya dawo yana dariya da wani da ba mu gani.

Sau ɗari mun ji wannan maganar.
Baba ya ce gonar tudu ya ce.
Zalika ta rantse raguwar akuya ce ya ambata.
Ni na buɗe baki, na tarar ban sani ba.

Inna ba ta sa baki ba.
Ta miƙo hannu na ba ta kwalin,
ta kai shi kunne, ta girgiza sau ɗaya,
ta ƙulle a bakin zane.