'Yan Birki na Galesburg

A gidan kula da tsofaffi, ɗaki na goma sha huɗu,
wanda tagarsa ke kallon layin dogo,
Orval Lindqvist ya manta sunan 'yarsa,
ya manta ko ya karya kumallo.
Amma ka ce masa "'Yan Birki",
ka sosa masa inda yake ƙaiƙayi.

Ni ke yi masa aski ran Talata,
ni da ban san kan ƙwallon gora ba.
Na ce, me zai sa ƙato ya doki ƙwallo,
ya yar da sanda, ya zaga turke uku a guje,
don kawai ya dawo inda ya taso?
Ya ce, "Ai duniyar ke nan, yaro.
Goge min kumfar nan."

Leburorin jirgin ƙasa ne su,
rigunan wasansu duk ƙaurin gawayi.
Shi ne mai tsugunne a bayan mai duka,
shekara goma sha bakwai yana cafke jifa,
yatsunsa sun karkace kamar saiwar citta.

Ya ce ranar da Dewey Kaczmarek ya sheme ƙwallo
ta tsallake shinge, ta faɗa taragon masara,
jirgi kuwa bai tsaya ba sai Denver.
Bayan wata guda aka aiko ta a kwali
da takarda: "Ko wannan taku ce?"
Har ya mutu Dewey yana cika baki
cewa ba wanda ya taɓa dukan da ya kai nasa nisa.

Akwai daren da wuta ta ɗauke a zagaye na takwas.
Manoma suka jera motocinsu a bakin fili,
suka kunna fitilu, aka ƙarasa wasa.
An ci su da ɗaya.
Rabin gari kuma ya koma gida a ƙafa,
batura sun mutu.

Wata shekara dinya ta yi ƙwai kusa da turke na biyu.
Alƙalin wasa ya je korarta, ta bi shi da sara
har gindin allo.
Mako huɗu kowa na ratse mata,
aka kuma rubuta sunanta cikin 'yan wasa.
Ya ce, "Ta fi Elmer tsare wurin, wallahi."
Wallahin a bakina ya koya.

Sai Leota mai gyaɗa,
wadda ba alƙalin da bai sha zaginta ba.
Sau goma sha tara a jere aka lallasa su,
ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya.
Ran na ashirin da suka ci,
ta zauna a benci tana kuka, gyaɗa ta ƙone.
Nan yakan yi shiru.
Daga baya na gane ita ce a hoton da ke gefen gadonsa,
da farar riga, shi kuma da kwat ɗin aro.

Filin yanzu wurin ajiye motoci ne.
Na je na gani ran Lahadi, ban gaya masa ba.
Wani abin, barinsa a ciki ya fi.

Jiya 'yarsa ta zo daga Peoria,
ya dube ta kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.
Ta ciro tsohuwar ƙwallo daga jaka,
duk ta yi baƙi, ɗinkin ya warware,
ta lallaɓa ta jefa masa daga bakin ƙofa.

Hannun nan da ba ya iya riƙe cokali
ya tashi da kansa.
Caraf.

Ya juya ta, ya shinshina,
ya ce, "Har yanzu tana warin masara.
Marlys, wa ya koya miki jifa haka?"

Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce yana kuka.
Ni dai na tattara reza da tawul,
na ja musu ƙofa.