Taka, Riƙe, Saki

Jiya a gangaren Aƙaba, wajen kwana ta huɗu,
na taka, ƙafata ta nutse har ƙasa
kamar wanda ya taka ruɓaɓɓen tumatir.
Buhu ashirin na albasa a bayana,
Suwakin can ƙasa tana ƙyalli a bakin teku.
Ni da salati da giya lamba ɗaya,
mu muka sauko da ita, ban da burki.

Yau Juma'a, Sinkat ta rufe shaguna.
Sammani, yarona, ya tafi haƙar zinariya tun watan jiya,
ya bar mini sifana mai lamba takwas da bashin mai shayi.
Aikin nan kuwa ba na mutum ɗaya ba ne,
wani a sama, wani a ƙasa.
Na leƙa ta katanga, ba kowa sai akuyar maƙwabci,
sai na kira Tabawa daga ɗaki.

Shekara talatin da ɗaya tana shiga motocina,
ba ta taɓa zama ta wannan gefen ba.
Ta tattare mayafi, ta cire takalmi
kamar za ta hau darduma.
Ƙafar ba ta kai ba, muka cusa matashi a bayanta.
"Wanne ne?" "Na tsakiya."
Ta kama sitiyari hannu biyu, ta ja tsaki.

Na zuƙe tsohon man da sirinji.
Baƙi ƙirin, ya fi gahawar Hadandawa duhu,
ya sha raɓar dutse da gumin teku shekara huɗu
ina ta ce masa gobe.
Sabon da na zuba garau yake, kamar man riɗi.
Na shimfiɗa kwali gindin tayar baya ta dama,
ita ta fi nisa da direba, daga nan ake fara aiki.

Taka! Ta taka sau uku. Riƙe!
Na murɗa noti, tiyo ya yi tari cikin kwalba,
kumfa, kumfa, baƙin ruwa, kumfa.
Na ɗaure. Saki!

Kunnena na hagu inji ya cinye shi tuntuni,
in ta ce "na riƙe" ba na ji,
sai ta koma buga ƙofa da awarwaronta:
bugu ɗaya ta danne, biyu ƙafa ta gaji.
Sau ɗaya ta ɗaga kafin in ɗaure,
iskar ta koma inda muka koro ta.
Na yi faɗa daga ƙasa, faɗan ya maƙale a salansa.
"Me ka ce?" Na ce, "Ba komai, sannunki."

Tsakanin taya da taya nakan tashi in ƙara mai,
in tulun ya ƙafe, an koma gidan jiya.
A ta uku ta ce, idonta na kan gilashi,
"Jiya da ka dawo ba ka taɓa kwanonka ba,
hannunka na rawa a kan buta.
Ka ce mini zafin rana ne."
Na duƙa ina neman sifanar da ke hannuna,
na rasa ta cewa, na kama baki.

Ta huɗu, ta gaba ta hagu, dab da ƙafarta.
Man ya zo siriri, ba ko ɗigon kumfa.
Na ji muryarta, wannan karon da kunnen dama:
"Mato, abin nan ya ƙi ni!
Ɗazu laushi, yanzu kamar dutsen niƙa."
Na ce haka ake so, Allah ya biya ki.

Ba ta sauko ba.
An fara kiran farko a masallacin tasha,
ina goge man da ya ɗiga kada ya ci fenti,
tana gyara madubi daidai tsayinta.
"Na daman fa, shi ne na tafiya?"
Na ce shi ne.
"To, gobe da ni za a gangara.
Ba tuƙi zan yi ba, so nake in ga ramin
da ka kwana da shi a ciki."